Lambar da Mataimaki Ya Ce Ba Ta Rabuwa

Lokacin da abin ya faru ina koyar da lissafi a wata sakandaren 'yan mata ta jeka-ka-dawo a cikin Daura. Gidanmu ba shi da nisa da makarantar. Da ƙafa nake zuwa, in an fita tara in leƙa gida in shayar da ɗana na fari, in dawo kafin a kaɗa ƙararrawa.

Ajin da na fi so shi ne aji biyar na kimiyya. Wata rana muna kan lambobi marasa rabuwa, wato waɗanda babu abin da ke raba su daidai ba saura sai ɗaya da su kansu, kamar bakwai da sha uku da ashirin da tara. Yaran sun raina darasin, gani suke abin 'yan firamare ne. Sai na juya na rubuta musu wannan a allo: 2,147,483,647. Na gaya musu asalinta. A fara da ɗaya, a ninka ya zama biyu, a ninka ya zama huɗu, a yi ta ninkawa har sau talatin da ɗaya, sannan a cire ɗaya. Na ce musu ba ta rabuwa, amma kada su yarda da ni sai mun gwada da hannunmu.

"Malama, ai sai mu tsufa ba mu gama ba!" in ji wata daga baya.

Na ce ba za mu tsufa ba, domin lambar tana da halaye biyu da ke rage aiki. Na farko, in dai lambobi biyu ne suka haɗu suka haife ta, dole ɗayarsu ba ta wuce dubu arba'in da shida da ɗari uku da arba'in ba, saboda in duka biyun suka wuce haka abin da za su bayar ya fi ƙarfinta. Na biyu shi ne mai daɗin. Tunda sau talatin da ɗaya aka ninka, duk lamba marar rabuwa da za ta iya raba ta sai ta kasance sittin da biyu sau wani abu, a ƙara ɗaya. Ke nan ba mu da ruwa da kowa sai sittin da uku, da ɗari da ashirin da biyar, da ɗari da tamanin da bakwai, haka har sama. Da muka lissafa, ɗari bakwai ne da 'yan kai kawai. Na raba wa yaran, kowace ta ɗauki kasonta, kuma kowane kaso sai wata daban ta sake bi. Kalkuleta bai wadace mu ba, aro suke yi a tsakaninsu, wasu ma da biro suka yi dogon rabawa don su nuna isa.

Zangon karatun nan gaba ɗaya muka yi a kai. Muka rubuta bayanin a manyan kwalaye muka manna a bango. A kwali na farko na sa ƙananan 'yan'uwan lambar: in an ninka sau biyu an cire ɗaya a sami uku, sau uku a sami bakwai, sau biyar talatin da ɗaya, sau bakwai ɗari da ashirin da bakwai, duk marasa rabuwa. A ƙasa kuma na rubuta gargaɗi da jan biro: sha ɗaya ba ta rabuwa, amma in an ninka sau sha ɗaya an cire ɗaya 2,047 ake samu, ita kuwa ashirin da uku sau tamanin da tara ce. Wato ba kullum abin ke fita ba, sai an gwada.

Ranar da yarinya ta ƙarshe ta ce ita ma saura ta samu a kasonta, ajin ya kaure da ihu. Ihun ne ya jawo Mataimaki.

Mataimakin shugabar makaranta ne, amma shi ke juya komai, don shugabar ta kusa ritaya kuma ƙafa na damunta. Shi ma lissafi ya karanta, sai dai ya daɗe da ajiye alli. Kullum cikin farar shadda, turarensa na riga shi shiga wuri, makullin mota a yatsa yana juyawa. Ya shigo da niyyar faɗa, sai ya tsaya yana kallon bango. Ya ce, "Malama, wannan aiki ya yi kyau. A kai min kwalayen ofis in duba."

Na ji daɗi har raina. Ni da kaina na taya yaran ɓamɓare su daga bango.

Ashe akwai baje kolin kimiyya na makarantun yankin, ni ban sani ba sai ana gobe. Na same shi na tambaya ko da ni za a je. Ya ce a'a, ni mai shayarwa ce, zaman zai yi tsawo, in tsaya in kula da sauran azuzuwa. Washegari wata malama ta nuna min bidiyon a wayarta. Ga shi tsaye gaban kwalayena da sanda a hannu, yana cewa, "Da na yi tunani, sai na tsara wa ɗalibaina hanya." Yarana na jere a bayansa kamar kayan ado, ko ɗaya bai bari ta buɗe baki ba. Na lura kuma an sa almakashi an yanke ƙasan kwali na farko, jan rubutun nan ya tafi. Makarantarmu ce ta zo ta ɗaya. Da yamma na ji sunansa a rediyo ina tuƙa tuwo.

A taron malamai na ɗaga hannu. Na ce ban zo neman kyauta ba, amma ya kamata a ce an ambaci yaran da suka yi aikin da malamar da ta koyar da su. Ya yi murmushi ya ce, "Malama, duk aikin da aka yi a makaranta na makaranta ne. In suna kike so, ki yi haƙuri ki girma tukuna." Wasu suka yi dariya, wasu suka sunkuyar da kai. Raina ya ɓaci. Na ce, "To Yallabai, tunda kai ka tsara, taimaka ka yi wa malamai bayanin inda sittin da biyu ta fito." Ya daina juya makulli. Ya dube ni, sannan ya ce a wuce magana ta gaba.

Hutu na ƙarewa aka yi canjin malamai, aka tura ni wani ƙauye can gefen Kongolam. Kowa ya san Mataimaki yana da aboki a ofishin ilimi, kuma bai ɓoye ba, har cewa ya yi a gaban mutane wai ƙauye na buƙatar masu kaifin baki.

Hanyar ba ta da nisa a baki. Amma sai na shiga mota daga Daura, in wuce Mai'adua, in sauka a titi, in jira ɗan acaɓa da zai ratsa da ni cikin yashi da gonakin gero. Da farko da goyona nake tafiya. Damina ta sauka, ruwa ya tsare mu sau biyu a hanya, yaron ya kama tari da zazzaɓi har aka kwantar da mu a asibiti. Da muka fito surukata ta ce ba za ta ƙara yarda a ɗora mata jika a babur ba, in bar mata shi. Ba ta yi laifi ba. Haka na yaye shi bai cika shekara ba. Ina tsaye a aji nono ya cika ya yi ta zuba, in ja hijabi in rufe, in ci gaba da rubutu a allo ina cije leɓe. In na dawo da la'asar na miƙa masa hannu, sai ya juya ya ƙanƙame kakarsa. Duk ranar da ya yi min haka, fuskar Mataimaki nake gani. Ban taɓa yi masa addu'ar shiriya ba. Abin da nake roƙo shi ne Allah ya kawo shi hannuna, kuma ya zama a gaban mutane.

Shekara ta zagayo. Wata rana da hantsi ina zaune a ƙarƙashin bishiyar darbejiya ina duba aikin yara, wayata ta yi ƙara. Mataimaki ne.

"Malama, ya aiki? Ya iskar ƙauye?"

"Alhamdulillahi, Yallabai."

Ya yi ta kewaye-kewaye, sannan ya faɗi abin da ya sa ya kira. Baje kolin bana babba ne, manya za su zo daga Katsina, har da malaman jami'a. Yana so ya kai lambar da ta fi ta bara girma. Ya ce, "Bayan talatin da ɗaya, talatin da bakwai ce marar rabuwa ta gaba, ko ba haka ba?"

Na ce, "Haka ne, talatin da bakwai ba ta rabuwa."

"Kuma yadda ake yi ɗaya ne? A ninka sau talatin da bakwai a cire ɗaya?"

"Haka ake fitar da lambar, Yallabai."

"Madalla. Dama na sani, tabbatarwa kawai nake yi."

Ya kashe wayarsa ko godiya babu. Na zauna ina kallon wayar a hannuna. Tambayoyi biyu ya yi min, na amsa masa su da gaskiya. Ta ukun, wadda ita ce tambayar, bai yi ba: shin abin da zai fito yana rabuwa ko ba ya rabuwa? Tun a jami'a na san daga talatin da ɗaya sai an yi tsalle har sittin da ɗaya kafin a sake samun marar rabuwa a wannan dangi. Amma ina so in ga wuƙar da idona. Na buɗe kalkuletan waya na fitar da lambar: 137,438,953,471. Wannan karon saba'in da huɗu sau wani abu ne, a ƙara ɗaya. Saba'in da biyar ba ta yi ba. Ɗari da arba'in da tara ba ta yi ba. Na danna ɗari biyu da ashirin da uku, amsa ta fito fes, 616,318,177, babu ɗigo babu saura. A gwaji na uku! Na yi dariya ni kaɗai har wata mai tallan gyaɗa ta tsaya tana kallona.

Da na koma gida na ba maigidana labari. Shi fatauci yake yi na dabbobi, mutum ne marar son fitina. Ya saurara har na gama, ya ce, "Ki kira shi ki gaya masa. In kin rufa masa asiri, ƙila kunya ta sa ya dawo da ke gari."

Na ce, "Kunya? Wanda ya tsaya gaban aikin wasu ya ce nasa ne?"

"To ki bar shi da Allah mana."

"Na bar shi da Allah tun bara. Ga shi Allah ya turo min shi har waya."

Surukata da ke jin mu daga tsakar gida ta ce, "Ke dai 'yar nan zuciyarki ta yi tauri." Na ce, "Inna, ba haka aka kawo ni gidan nan ba." Ita ce kuwa shaidar farko.

Na roƙi shugaban makarantarmu ta ƙauye ya bar ni in raka ɗalibanmu baje kolin. Abin da muka kai ɗan ƙarami ne, tukwane biyu ɗaya cikin ɗaya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don tumatir ya daɗe. Aka ajiye mu can kusa da ƙofa. Na sa atamfata mafi kyau da sabon mayafi, kamar mai zuwa biki.

Shi kuwa Mataimaki a tsakiyar zauren yake. Bana ba kwali ya kawo ba, ƙaton ƙyalle ya sa aka buga masa, lambar na sheƙi da ruwan zinare, hotonsa a gefe. Abu ɗaya ne ya dame ni, kada ya tura yara su yi bayani, abin ya faɗa a kansu. Amma na san halinsa. Da aka kira makarantar, ya sa 'yan matan suka gaida baƙi suka koma suka zauna, ya karɓi lasifika. Ya yi bayanin ninkawa, ya karanta lambar da ƙarfi yana jan kowace gaɓa. Ya ce wannan lamba ta biliyan ɗari da talatin da bakwai babu abin da ke raba ta a duniya, kuma shi ya tsaya a kan ɗalibansa suka tabbatar. Aka yi tafi. Shugaban alƙalai, wani dattijon malamin jami'a mai furfura a gemu, ya ɗan yamutsa fuska ya jawo takarda, amma kafin ya yi magana mai gabatarwa ya ce ko akwai mai tambaya.

Na miƙe. Tafiyar daga ƙofa zuwa gaba na yi ta a hankali, don ina so ya gan ni tun daga nesa. Ya gan ni kuwa. Na yi sallama, na gaida manya, na faɗi makarantar da nake koyarwa. Na ce, "Yallabai, barka da ƙoƙari. Tambayata ƙarama ce. Duk lambobin da ya kamata a gwada an gwada su?"

"Duka," in ji shi. "Ni da kaina na bi su."

"Har ƙananan?"

"Malama, na ce duka."

Na juya ga jama'a. Na ce, "Don Allah duk mai waya ya fito da ita. Ku rubuta lambar da ke jikin ƙyallen can, ku raba ta da ɗari biyu da ashirin da uku."

Zauren ya yi tsit, sai ƙarar danne-danne. Wani malami a layi na biyu ya fara cewa, "Kai! Ta rabu!" Wani ya ce, "Wallahi ta rabu, ba ko saura." Maganar ta bi layi-layi har baya. Wani hakimi da ke cikin manyan baƙi ya miƙa wa na kusa da shi waya yana tambaya ko shi ma daidai ya danna. Mataimaki ya ciro tasa, ya danna ya goge, ya sake dannawa. Gumi ya jiƙa wuyan shaddar. Ya ce ƙila mai buga ƙyalle ne ya yi kuskuren lamba. Dattijon nan ya ce a'a, lambar daidai take, ya duba. Sannan ya tambaye ni yadda na kai ga ɗari biyu da ashirin da uku. Na yi bayani a taƙaice. Na ƙara da cewa a kwalin bara akwai gargaɗi da jan biro a kan irin wannan kuskure, ni na rubuta shi, amma an yanke shi kafin a kawo nan. Dattijon ya cire tabarau ya dubi Mataimaki ya ce, "Malam, aikin bara na waye?"

 Lasifikar na hannun Mataimaki, har numfashinsa ana ji, amma bai amsa ba. Na tsaya ina kallonsa ido cikin ido, ban tausaya masa ko kaɗan ba. Na jira sai da shirun ya yi tsawon da kowa ya fahimta, sannan na ce na gode, na koma wajen tukwanena.

Kada a ɗauka an ɗauke ni a kafaɗa an mayar da ni Daura. Abokinsa na nan a ofis, sai da na ƙara shekara biyu ina bin yashin nan. Wasu malamai mata ma sun daina sakin jiki da ni, wai na tozarta babba. Wani dattijo a unguwarmu ya tare maigidana bayan sallah ya ce ya ja wa matarsa kunne. Maigidana ya ce masa shi ma ya danna a wayarsa, kuma ta rabu, bai san kunnen da zai ja ba. Shi kuwa Mataimaki, kujerar shugabancin da yake jira aka ba wani. Daga baya aka ɗauke shi daga makarantar aka kai shi wata a wajen Zango. Bai taɓa neman gafarata ba, ni ma ban aika masa da ita ba.

Sau ɗaya muka sake haɗuwa kusa da kusa. Ina dawowa daga makaranta da rana tsaka, cikin motar haya, mun baro Mai'adua kaɗan, sai ga mota a gefen titi an buɗe gabanta, mai ita na ɗaga hannu. Direba ya taka birki ya ce a matsa a taimaki bawan Allah. Mai motar ya buɗe ƙofa ya sunkuyo, muka haɗa ido, ashe Mataimaki ne. Ya so ya fasa, amma rana ta yi zafi kuma babu wata mota a baya. Ya shiga gaba, ya matsu da wani mai sayar da hatsi. Ban gaishe shi ba, shi ma bai juyo ba.

Mun ɗan yi tafiya, mai hatsin ya leƙa fuskarsa ya ce, "Malam, kamar na san ka. Ba kai ne na makarantar 'yan matan nan ba? 'Yata a can ta gama." Mataimaki ya ce shi ne, murya ƙasa-ƙasa. Mutumin ya washe baki, da zuciya ɗaya, bai san yana yanka ba. Ya ce, "Allah sarki! Ai kai ne suke ce wa Malam Ɗari Biyu da Ashirin da Uku. Na daɗe ina son in ji dalilin wannan suna. Lambar gidanka ce?"

Direba ya ce shi ma yana son ji. Mataimaki ya ce kansa ke ciwo. Na gyara zama, na ce, "Alhaji, in yana jin ciwon kai a bar shi ya huta. Ni na san labarin, ina wurin aka yi." Na ba su shi tun daga farko, ban rage komai ba, ban kuma ƙara ba. Direban har rage gudu ya yi don kada mu iso ban gama ba. Muna shiga Daura, tun kafin tasha, Mataimaki ya ce a sauke shi a nan.